Katakon da Ya Sha Man Shanu

"Lahiya lau, mai gidana. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya aiki?"

"Aiki ya ƙare, tsohuwa."

Inna Maiturare ta dakata da tsintar shinkafar da take yi, ta ɗago kai. A Gummi kaf ba a amsa wannan gaisuwa haka. Ko wanda rumfarsa ta ƙone da safe, in aka ce masa ya aiki, da godiya zai ce. Jikanta Lirwanu ne tsaye a tsakar gida da hantsi, ƙofar kabad ɗaya a hammata, jakar buhu a kafaɗa. Ya jingina ƙofar da rumbu, ya juya fuskarta ta kalli bango, sannan ya zauna a kan turmi yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ba sai ya juyo mata da ita ba. Ta san abin da ke fuskar ƙofar nan, kuma duk duniya ita kaɗai ta san abin da ya jawo shi.

Lirwanu ɗan 'yarta ne. A hannunta aka yaye shi, bai kuma koma ba, ita ce ma ta kama hannunsa ta kai shi rumfar Sambo kafinta don ya koyi sana'ar da ake yi a cikin gari a dawo gida a ci tuwo. To a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa Gummi, sai wani katako ya biyo bayanta, kafintoci suna ce masa MDF. Ba icce ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse a inji, ya fito sumul ba gaɓa ba jijiya. In aka iya masa fenti, mutum har haƙoransa zai gani a ciki. Amare kuwa suka ce su ba su san wani katako ba sai shi. Da aka kawo wa Sambo aikin kabad ɗin wata amarya ta Anka, sai ya ware ƙofofin ya miƙa wa Lirwanu, ya ce ya yi su shi kaɗai. In sun yi kyau zai yaye shi, ya yanka masa gefen rumfa.

Rumfar Sambo a bakin titi take, ga ƙurar motoci ga garin zarto, fenti mai ƙyalli kuma ba ya shiri da ƙura. Saboda haka Lirwanu ya kwaso ƙofofin ya kawo ɗakin kakarsa, mai daɓen siminti da ƙyaure, inda yara ba sa shiga. Ya goge su da samfefa, takardar nan mai yashi, har suka yi santsi, ya jera su, ya tafi neman fenti. Abu ɗaya ya gargaɗe ta a kai: kada ruwa ya taɓa su, ko ɗigo, don kumbura suke yi.

Ruwa bai taɓa su ba. Amma Maiturare ta zauna a bakin gado tana kallonsu, sun yi furu-furu kamar bangon da bai ga yaɓe ba, ga yaro kullum ba shi da magana sai ƙyalli, ƙyalli. Ita kuwa a unguwarsu in ana biki akushinta ake zuwa aro saboda baƙinsa da sheƙinsa, kuma tun tana budurwa hanya ɗaya ta sani da icce ke sheƙi: a ba shi mai ya sha. Ta jawo kwalbar man shanun da matar Labbo Bafillatani ta kawo mata daga ruga, ta tsiyaya a tafi ta murza. Katako ya shanye. Ta ƙara, ya shanye. Ta ce ashe yunwa ce ke damunka, ta yi ta ba shi har kwalba ta kusa nuna gindinta. Kafin Lirwanu ya dawo babu alamar komai sai ɗan duhu da ƙofofin suka yi, ɗakin kuma dama kullum ƙanshin turare da man shanu yake yi. Ta yi gum, tana jira su yi ƙyalli ta ce aikinta ne.

Sai fenti ya ƙi zama. Ya tattare, ya yi ramuka-ramuka, ya ƙi bushewa. Ta gani, ta gane, ta sake yin gum. Wannan shirun na biyu shi ne yanzu ya tsaya mata a rai. Amma kaka ba ta buɗe wa jika baki da ban haƙuri, sai ta fara da abin da ta saba.

"Tashi bisa turmina kada ka koya mai lalaci. Wane irin miji na wanga, shi shigo ma matatai hannu na dukan cinya? Ko ɓarin goro babu?"

"Goro da wane haƙori? Guda ɗaya yar rage maki, shi ma haya shika yi."

Ta ɗan ji sanyi a ranta. Ko ba komai bakinsa bai mutu ba.

"Haƙorin ga guda ya tauna abin da danginku na wajen uba ba su taɓa gani ba. Mi kak kawo cikin jikka? In tsarabata ta, miƙo. In wanki na, kai ma wadda kaka zuwa zance wurinta, ni na gaji da auren wahala."

"Tau na sake ki."

"Sakin yau ko na jiya? Ka sake ni da sahe, da marece ka zaka da kwano."

Da wata rana ce da ya rama har sai ta jefe shi da marfin tukunya. Yau sai ya yi ɗan murmushin yaƙe, ya nuna ƙofar da haɓa.

"Na kai ma Sambo."

"Tau?"

"Ya aza ta bisa benci, ya dube ta, ya dangwala yatsa, yatsa ya liƙe. Sai yak kira mai shayi, yak kira masu hwacin taya, yac ce ku zo ku gani. Amaryar Anka kabad tac ce, Lirwanu ya yi mata tandar masa."

"Sunka yi dariya?"

"Har mai shayi ya zubar da madara. Wani yac ce a kawo ƙullu a gwada."

Maiturare ta dukar da kai cikin faifai tana tsintar tsakuwar da babu ita. Kunnuwanta suka yi zafi kamar ita aka tsayar a bakin titin.

"Sambo baƙin ciki shika yi maka. Ya ga za ka hi shi."

"Ba ya baƙin ciki, tsohuwa. Da mutane sunka watse yaj ja ni gehe, yac ce, Lirwanu, zarto ka iya, ƙusa ka iya, amma henti hannu na, kuma wani hannun ba na henti na ba. Cikin lalama yah hwaɗi. Da zagina yay yi da ya hi man sauƙi."

"Tau ga hentin anka cuce ka. 'Yan kasuwar yanzu ko kunun kanwa sai su ɗura a gwangwani su ce daga Legas."

"Gwangwanin nan dai Sambo yab buɗe gabana, yas shahwa ma wani guntun katako. Ya kwanta lumui. Sai da nig ga gashin hancina ciki."

"Ai ba abin kallo na ba. Tau baki na anka yi maka. Kai ma ka cika yawo da zance, kowa ka ishe sai ka ce mai za a yaye ka."

"Bakin wa? Wa za shi ɓata bakinai ga mai gyaran ƙahwar benci?"

"Ko aljannun ɗakin ga. Na daɗe ina jin motsi bayan gado."

"Ɓeraye na. Aljani bai iya zama ɗaki guda da minsharinki."

Duk inda ta ɗora laifin sai ya sauke shi ya mayar kan kansa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta gyara zama, ta ce bari dai ta faɗa a wuce wurin.

"Lirwanu."

"Mi?"

"Ka... ka karya kuwa? Kwai sauran koko."

"Ba ni jin yunwa."

Ta tsine wa bakinta a zuci. Shi kuwa ya tashi ya juyo da ƙofar.

"Ni abin da yaɗ ɗaure man kai, babu abin da nit tsallake. Dubi bakin ga, inda zarto yay yanka. Nan na shika shan henti kamar soso, sai da nit toshe shi da gam, ya bushe, nig goge. Nib bi huskar da samfefa mai kaushi, nid dawo da mai laushi, har tahin hannuna na zamewa. Nis share ƙura da busasshen tsumma. Nis shahwa hwarin henti na ƙasa, siriri, yadda anka koya man. Tun nan nig ga shina gudu, nic ce ƙila na sama shi ruhe. Na sama yaz zo yah hi shi hauka."

Fuskar ƙofar ta fito cikin rana. Ja ce mai duhu irin wadda amare ke so, amma duk ta yi zanzana, wani wurin ya yamutse kamar saman kunun da ya huce. A gefen ƙasa kiyashi sun riga sun ja layi. Maiturare ta kawar da ido.

"Juya abin ga, kana hana ni ganin tsakuwa."

"Dube ta dai. Madubi nic ce zan yi ki ga tsuhwanki ciki. Ga shi kuwa ta hito da kamanninki sak."

"Uwarka ni tab biyo, kai kab biyo ta. Sai ka san wa kaka zagi."

Ana cikin haka kyanwar gidan ta sauko daga katanga, ta yi miƙa, ta nufi ƙofar kai tsaye kamar an aike ta. Ta shinshina gefen da fenti bai rufe ba, ta lumshe ido, ta fara lasa. Maiturare ta zabura. Ta wawuri takalmi ta wurga mata.

"Kis! Mussar banza mussar wohi!"

"Bar ta. Ita kaɗai tay yaba aikina yau."

"Ba ta da hankali, har sabulu ci takai."

"Cikin gidan ga wa ad da hankali?"

Kyanwa ta koma gefe ta zauna tana lasar baki, tana yi wa tsohuwa irin kallon wanda ya san magana.

Lirwanu ya jawo jakar buhun ya kwance. Ba wanki ba ne. Riguna ne a ninke, da bargo, da ƙaramar fitila mai igiya, irin wadda samari ke ɗaurawa a goshi in za su shiga rami. Daga ƙasa ya zaro burushinsa da ninkakkiyar samfefa, ya ajiye mata a kan faifai.

"Ga gadonki tun ina da rai. Burushin ki riƙa sa tozali da shi, samfefar ki goge kaushin ƙahwa."

"Ina za ka da hitilar goshi?"

"Dajin Anka, motar azahar. Abokaina na can suna haƙar zinari. Can ba mai duba ko hannunka na da kyau, ƙarhi kawai aka so."

Bara aka kawo ɗan Maimunatu mai ƙosai daga irin wannan rami a naɗe cikin tabarma, ita ce ta zauna da uwar har aka share makoki. Tun daga ranar in ta ga Lirwanu ya shigo da garin katako a gashin kai, sai ta yi hamdala a ɓoye kafin ta ce masa ƙazami.

"Ba ka zuwa. Ban ba ka izini ba."

"Yaushe mata tah hwara ba miji izini?"

"Tun randa mijin yaz zan rago. Kai da kas shiga rijiyar gidan ga ɗauko guga sai da anka kira maƙwabta? Zinari na ganinka za shi ƙara nutsewa."

"In na samo, haƙoran Makka zan sa maki baki cike, ki riƙa yi ma tsohwahhin unguwa murmushi."

"Ban so. Wanga guda ya ishe ni cizonka."

"Tau mi zan zauna yi? In bi ta bakin titi a riƙa ce man mai tanda? Yanzu da niz zo wucewa har masu tallan hura sun ji."

"Mutane na mantuwa."

"Ni ba ni mantawa."

Ya ɗaure jakar. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ya durƙusa a gabanta gwiwa biyu, muryarsa ta sauya.

"Inna."

Bai taɓa kiranta Inna ba. Tsohuwa ce, ko amarya, ko mai haƙori guda.

"Inna, ki yahe man. Ke kik kai ni wurin Sambo da ƙahwarki, kic ce mai ga amana. Kin ba ni ɗakinki kina kwana cikin warin henti ba ki ce uffan ba. Ni kuma na saka maki da abin kunya gaban mutane. Ki sa man albarka in tahi."

Nan fa duniya ta yi wa Maiturare zafi. Da zagi ya kawo, tana da shi buhu-buhu a ɗaki. Amma yaro ya durƙusa yana neman gafarar laifin da ita ta yi masa, wannan kam ba ta da abin mayarwa. Kunya ta rufe ta tun daga ɗankwali har tafin ƙafa, irin wadda rabonta da ji tun tana amarya. Ta ajiye faifai, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ta daɗe a ciki fiye da yadda ɗauko kwalba ke bukata. Da ta fito ta dire ta a gabansa, ta juya masa ƙeya tana gyara itace a murhun da babu wuta.

"Mi na na wanga?"

"Kwalba ta. Makanta tak kama ka?"

"Na ga kwalba. Guzuri na? Ai ba komi ciki."

"Je ka shinshina ƙohwarka. Ta gehe, inda mussa tal lasa."

Ya dube ta, ya dubi kwalbar. Ya tashi ya kai hanci gefen katakon, ya ɗago, ya sake kaiwa. Ya sa farce ya kankare fentin, ya murza abin da ya fito, ya ga yatsunsa suna maiƙo.

"Tsohuwa."

"Ina jinka."

"Man shanu?"

"Na Hillani, soyayye. Ba na kasuwa na ba."

"Kis shahwa ma katakona man shanu?"

"Ruwa kac ce. Ka ce mai? Hwaɗi tsakaninka da Allah, ka ce mai?"

"Wa za shi ce mai? Wane mai hankali za shi tuna shi ce ma mutum kada ka zuba ma kabad miya?"

"Ban sa miya ba, kada ka ƙara man. Gani niy yi abin ya bushe kamar ƙahwar makiyayi, kai kuma ka ishe mu da ƙyalli. Akushina da mi shika ƙyalli? Da boko?"

"Akushi icce na! Wanga gari na, gari! Abin da yas sha ba ya hitowa har tashin ƙiyama, henti kuma ba ya zama bisa mai!"

"Ai na ga alama. Ina ba shi shina karɓa, kamar kai."

"Wace ƙohwa kiy yi ma? Wagga kaɗai?"

Ta ƙara tura itace cikin toka.

"Ban nuna bambanci ba."

"La'ilaha illallahu. Kuma ina shahwa na sama kina zaune bakin gado kina kallona. Har kic ce in ƙara mai kauri!"

"Nic ce ko shi ruhe man asiri."

Ya dafe kai da hannu biyu ya zagaya turmi. Maiturare ta ƙanƙance a bakin murhu tana jiran faɗa, ta kuma san ta ci a yi mata. Da muryarta ta sake fitowa, babu tsiya a cikinta ko kaɗan.

"Na so in hwaɗi tun randa nig ga ya ɓaci. Bakina yaƙ ƙi buɗuwa. Ni ta, Lirwanu. Ba hannunka na ba."

Ya tsaya cak. Ya ɗaga hannayensa yana dubansu ciki da baya, kamar yau aka ba shi su.

"Ke nan in da ba ki taɓa ba, da ya kwanta?"

"Ni ina nis sani? Kai na kahinta."

"Da ya kwanta," ya ce a hankali. "Wallahi da ya kwanta."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana dukan cinya, hawaye na zuba, ba ka iya cewa na dariyar ne ko na abin da ya cika masa ciki tun safe.

"Ni ina can ina tsine ma hannuna, ashe matata girki tay yi ma katako! Ana ba ni tuwo gaya ana ce man babu mai, Hillani sun tashi, ashe kabad ka ci!"

"Ci gaba da dariya har ka shaƙe."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, ta soke kwalbar a hammata, ta nemo takalmin da ta jefi kyanwa da shi.

"Ina za ki?"

"Rumhwar Sambo. Gaban mai shayi anka yi maka dariya, gaban mai shayi za ni hwaɗi. A kira masu hwacin taya su ma."

Ya ga da gaske take. Har ta nufi zaure. Ya yi tsalle ya tare hanya.

"Ke! Kin san abin da kika shirin yi? Kahin la'asar labari ya kai Bukkuyum. Maiturare mai akushi, da anka sani da hankali? Yara waƙa za su yi maki. Ba mai sake zuwa aron akushinki bai tambayi ko kina da kabad ba."

"Su yi. Ba ni hanya."

"Ba ni ba ki. Ni a yi man dariya, yaro nike, gobe in rama. Ke in anka yi maki, da wane haƙori za ki rama?"

"Tau ƙaƙa za a yi? A bar shi shina cewa hannunka ba na henti na ba?"

"Sambo zan ja shi gehe yadda yaj ja ni, in ce mai ya taɓa katako cikin ɗaki, in sa hancinai wurin. Sannan shi ba ni wani guntu in yi gabanai, tun daga samfefa har na sama. Wa yaz zuba, wannan ba ruwanai."

"Ƙohwahin amarya hwa? Sabon katako za a saya."

"Za a saya."

Ta juya ta dubi jar akuyarta da ke ɗaure a gindin rumbu, wadda take ta kiwo da dusa da ruwan tsari tana cewa ta sadakar ranar mutuwarta ce.

"Kwance ta ka kai kasuwa."

"Akuyar mutuwarki?"

"Ka ga na yi kama da mai mutuwa bana? Kwance kahin in sake shawara. Na sha kaye, ji daɗi. Tun da anka haihe ka ban taɓa ce maka ka hi ni gaskiya ba, yau na ce. Kada ka saba."

Lirwanu ya sosa ƙeya. Shi ma sai kunya ta kama shi, don cin nasara a kan tsohuwar nan bai yi masa daɗin da ya daɗe yana zato ba.

"Ka rantse ba ka hwaɗa ma kowa," ta ce.

"Ba ni hwaɗi. Sai rana guda."

"Wace rana?"

"Randa kim mutu. In an dawo daga kushewa an zauna ana rabon gumba, zan miƙe tsakar mutane in ce, jama'a, kun ga tsohuwar ga da kuka ma kuka? Ku share hawaye in ba ku labarin kabad ɗin amaryar Anka."

Ya noƙe kai yana jira ta ɗauko muciya. Ba ta ɗauko ba. Ta dube shi, ta dubi jakar buhun da igiyar fitila ke leƙowa daga bakinta, idonta ya ciko.

"In dai kana nan ranar, bisa ƙahwahunka, kai kas sa ni rami ba ni nis sa ka ba, tau ka hwaɗi. Ka ƙara mai gishiri ma."

Ya sunkuya ya zaro fitilar daga jaka, ya rataye ta a ƙusar bakin ɗakinta.

"Ki riƙa neman haƙorinki da ita in ya hwaɗi. Ba ni samfefata."

"Wace? Wadda kab ba ni gado? Kaushina hwa?"

"Kaushinki ya hi ƙarhin samfefa, sai dai a aro zarton Sambo. Miƙo, rana na yi."

Sai a lokacin dariya ta zo mata, haƙorin nan guda ya fito fili. Ta ɗauko samfefar da burushin daga kan faifai, ta kakkaɓe musu shinkafa, ta danƙa masa a hannu, ta haɗa masa da kwalbar.

"Ungo. Kwai ɗan saura ga gindi. Wanga naka na, katako ya ƙoshi."

Ya ja akuya ya fita yana dariya. Ita kuma ta koma kujerarta ta zauna. Kyanwa ta lallaɓo ta koma gefen ƙofar ta ci gaba da lasa, wannan karon ba wanda ya kore ta.